Abin da Ban Gaya wa Kawunka a Buruksel ba

Gidan Rumji, jajibirin tafiyarka.

Zuwa gare ka, Na-Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ka a mota, ya tsare ka a jirgi, ya sauke ka lafiya inda ka nufa, amin.

Na san za ka yi mamaki. Gida ɗaya muke, ɗakina yana kallon naka, sai ga takarda kamar daga wadda ke wata ƙasa. To ka san dalili. Kai ne ɗan farina. Tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka ba, sai dai laƙabin da kakarka ta sa maka lokacin da aka kai ka yaye wurinta a Cadakori. In da magana, sai in aiko ƙanwarka, ko in faɗa wa bango kai kuma ka ɗauka. Haka na tarar ana yi, haka na yi. Amma gobe za ka kama hanyar Yamai, daga can ka hau jirgi zuwa Buruksel karatu, kuma bangon nan ba zai bi ka ba. Tsorona guda ne, gara in faɗe shi tun yanzu: kada ka je can ka zauna kai kaɗai kana tunani, ka ga uwarka ba ta taɓa nuna ta damu da kai ba, ka ce to me zan koma in yi. Na ba babanka takardar ya sa maka a jaka, da sharaɗin ba za ka buɗe ta ba sai motarku ta wuce Madawa.

Babanka ya cika maka kunne da nasiha a kan Turai, shi da bai taɓa wuce Yamai ba. Ka riƙe abin da ya faɗa, mutumin kirki ne. Amma duk gidan nan ni kaɗai na taɓa taka Buruksel da ƙafata, shekarar da masu tallafa wa lambunmu na zogale suka gayyaci wasu daga cikinmu taro. Kana karatun sakandare a lise ta Maraɗi a lokacin. Da na dawo na ba mutane labari mai daɗi, wanda zai sa a ce Rabi ta ga duniya. Yau wautar da na tafka a can zan ba ka, ita ce za ta fi yi maka amfani.

Ta farko tun daga nan na ɗauke ta. Da aka ce da ni za a tafi, sai na shiga kasuwar Maraɗi na sayi takalmi mai tsini da ƙyalli, don kada Turawa su ce 'yar ƙauye ta zo. Silifas ɗina da ya san ƙafata na bar shi bayan ƙofa. Ashe tsohon garin nan da ƙananan duwatsu aka shimfiɗe shi, an jera su ɗaya bayan ɗaya, ruwa yana jiƙa su suna santsi. Kafin azahar ta ranar farko diddigena ya kwaile, ina ɗingishi ina murmushi don kada a gane. Kuma wallahi babu wanda ya kalli ƙafata. Matan garin da na yi kwalliyar dominsu, takalman roba irin na 'yan ƙwallo ne a ƙafarsu, har da tsofaffi. Na ga sabon takalmin da ka sayo, na ga yadda kake shafa shi kamar jariri. Ka tafi da shi, amma ka sa tsohon nan naka a jaka. Garin tafiya ne, kuma babu wanda ke da lokacin auna ka. Duk abin da za ka yi don a gan ka, ka tambayi kanka ko akwai mai kallon.

Mun sauka da safe, aka ce wai lokacin zafinsu ne, ni kuwa haƙorana suna haɗuwa. Sama ta rufe ruf, ba rana ba hadari, sai yayyafi marar ƙarfi wanda ba zai jiƙa ko shuka ba. Aka kai mu wani otel kusa da tashar jirgin ƙasa. Abokiyar ɗakina, Laure 'yar Gangara, ta leƙa taga sau ɗaya ta ja labule, ta ce ita taro ta zo, ba ta zo yawo ba. Ni ka san halina. Da aka ba mu hutu na ɗaura gyale na fita, da ɗan Faransancin da na tsira da shi daga lakol, makarantar boko.

Nan na yi wauta ta biyu. Duk wanda na haɗu da shi sai na gaishe shi, kamar ina kan hanyar rijiya. Bonjur madam, bonjur mushe. Wani ya kalle ni ya wuce, wata ta ƙanƙame jakarta, wani saurayi ya laluba aljihu yana zaton roƙo nake. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, gine-gine ne kawai a garin nan, babu mutane. Daga nan na ɗaure fuska ni ma, na daina kallon kowa.

A haka na isa babban filin nan da ke tsakiyar gari, wanda gidaje masu ado da ruwan zinariya suka kewaye. Gaskiya na tsaya baki buɗe. Na bi wani lungu na tarar da taron jama'a ana turereniya ana ɗaukar hoto, na ce lallai wani babban mutum ne ya fito. Da na kutsa sai na ga mutum-mutumin ɗan yaro ne, bai kai tsawon tabarya ba, yana ta fitsari a cikin kwatami. Na yi dariya har na manta da ciwon ƙafa. Na shiga wani lambu mai manyan itatuwa, busassun rassa zube a ƙasa babu mai ɗauka, hannuna yana ƙaiƙayi in haɗa dami. A nan ƙafar ta ƙi, na zauna a kan benci na cire takalmin. Wata tsohuwa da ke zaune a ɗaya gefen da ɗan karenta, wadda ban ko gaishe ta ba saboda fushin da nake yi da garin, ta dubi diddigena.  Ta buɗe jakarta ta ciro abin liƙe ciwo, ta miƙo mini, ta ja karenta ta tafi. Ko godiya ban samu na yi mata yadda ya kamata ba, kuma har yau abin yana damuna.

Saboda haka kada ka yanke wa mutane hukunci a makon farko. Ba sa gaisuwa a hanya kamar mu, amma in ka shiga kanti ko ka je tambaya, ka fara da gaisuwa, suna lura da wannan. Akwai masu wulaƙanci a cikinsu, za ka gamu da su, ba zan ɓoye maka ba. Akwai kuma irin tsohuwar nan. Ka ba su lokaci su nuna maka ko su waye.

Ta uku ita ce ɓata. Da na fito daga otel, na yi alama irin tamu. A gida kuka ce alamarmu, ko rijiya, ko gidan wane. A can sai na riƙe wani mutum mai sayar da furanni a ƙarƙashin jar laima, na ce in na dawo nan zan karya kwana. Da na dawo mutumin ya naɗe laimarsa ya tafi gidansu, ya tafi mini da hanya. Na ɗaga kai in nemi gabas, babu rana. Tituna duk kama ɗaya, ƙofofi duk kama ɗaya. Na hau wata jar shimfiɗa da ke gefen titi don ta fi santsi ga ƙafa, ashe hanyar kekuna ce, sai ƙararrawa ta ko'ina, wani ya gifta ni yana faɗa. Katin otel ɗin yana ɗaure a bakin zanena, amma na ƙi nuna wa kowa. Ni shugabar matan lambunmu guda, a ce na ɓata kamar akuya? Na yi ta zagaye har la'asar ta kusa kuɓuce mini. Sai da na ga ina wuce kanti ɗaya ina sake wuce shi, sannan na haƙura na shiga. Mai kantin Balarabe ne ɗan Maroko. Ya karanta katin, ya fito ya nuna mini da hannu, ashe otel ɗin yana bayan ginin da nake tsaye.

Ku 'yan yanzu wayarku tana gaya muku dama da hagu, na sani. Amma waya tana mutuwa. Ka riƙa karanta sunan titi a jikin bango, kuma duk kwanar da ka karya ka waiwaya ka ga yadda take ta baya, domin da wannan fuskar za ta tare ka in za ka dawo. In ka ɓata ka tambaya tun ƙafa ba ta gaji ba. Wani lokaci kuma ka sa wayar a aljihu ka taka garin haka nan. Wanda yake ƙarƙashin ƙasa kullum a jirgi, daga ɗaki zuwa lakol, zai yi shekaru a gari bai san inda yake ba.

Waɗannan duk ƙanana ne, ƙafa ta warke, hanya ta samu. Ta huɗun ce ba ta warke ba, kuma saboda ita na zauna rubutun nan.

Ka san sunan Kawunka Isuhu, ka ji muryarsa a waya ranar salla, amma ba ka taɓa ganinsa ba. Yayana ne, shi ne ɗan farin Inna, kakarka. Ya bar Cadakori ina yarinya, shekarar da gero ya ƙi. Ya yi ƙasashe kafin ya dangana da Buruksel, ya sha wuya, daga baya ya samu takardu da aiki a wurin da ake wanke jiragen nan masu bin titi. Hanya a buɗe take gare shi, amma bai taɓa dawowa ba. Kullum sai baɗi.

Ranar da aka gama taro ya zo otel ya ɗauke ni. Da na gan shi na ga babanmu ne tsaye cikin rigar sanyi, har furfurar. Ya dubi ƙafata ya girgiza kai, ya shiga da ni wani kanti ya saya mini takalmin roba, sannan ya ce mu taka. Na-Inna, ranar na ga garin. Bai kai ni inda ake ɗaukar hoto ba. Ya nuna mini bencin da ya kwana a kai farkon zuwansa. Ya nuna mini wani masallaci da ba za ka ce masallaci ne ba sai ka ga takalma a bakin ƙofa. Ya kai ni unguwar baƙaƙen fata inda na ga kuɓewa da busasshen kifi da manja. Ya saya mini soyayyen dankalin nan nasu a cikin takarda, muna tafe muna ci kamar yara. Muka bi bakin wani ruwa da aka gina wa hanya, ya ce nan yake zuwa in ƙirjinsa ya cika. Duk tafiyar nan tambaya yake yi. Kukar bakin kasuwa tana nan? Wa ke noma gonar Arewa? Wane yana da rai? Ya tambayi kowa har jakin maƙwabta, amma bai tambayi Inna ba.

Da yamma ya ce zai raka ni. Ka san rakiya a wurinmu, ka taka wa baƙo zuwa bakin gari ka juya. Shi kuwa duk inda na ce Yaya koma haka nan, gobe kana da aiki, sai ya ce bari mu kai waccan kwanar. Daga baya na lura zagaye yake yi da ni don kada hanyar ta ƙare. Sai da muka zo ƙofar otel ya tsaya, yana kallon ƙasa, ya ce:

"Rabi, hwaɗa mani gaskiya. Inna na tunawa da ni?"

Ga abin da na sani a lokacin, kuma yana bakina. Ranar da ya tafi, ya je ya durƙusa yi mata sallama tana sheƙar gero. Ba ta ɗago kai ba, ta ce Allah ya kiyaye, ta ci gaba da aikinta. Wannan shi ya gani, da shi ya tafi. Abin da bai gani ba, ni na gani. Bayan ya ɓace, Inna ta ɗauki igiya wai za ta itace, ta bi sawunsa a kan rairayi har bayan gari, har inda sawun ya hau hanyar mota. Ta daɗe tsaye a wurin, ta dawo babu ko tsinke a kanta. Tun daga lokacin kowace ranar kasuwa sai ta kai tallar daddawa bakin inda motocin Maraɗi ke tsayawa, alhali masu sayen daddawa suna can cikin kasuwa. Galmarsa tana rataye a ɗakinta, ba ta yarda kowa ya ara ba. In ya kira waya aka miƙa mata, sai ta ce lahiya lau, ta mayar da sauri kamar ta taɓa wuta, sannan ta bi wanda ya karɓa da tambaya har ya gaji.

Duk wannan na sani. Amma sai na ji nauyi. Na ga kamar in na faɗa na tona wa uwata asiri, na yaye mata zane a gaban ɗanta. Kuma na ɗauka ya sani, wane ɗan fari ne bai san wannan ba? Sai na yi 'yar dariya na ce:

"Kai Yaya, ka san halin Inna. Lahiya lau take, tana gaishe ka."

Ya gyaɗa kai ya ce, "To madalla. Ki gaishe ta." Ya sa hannuwa a aljihu ya juya. Na tsaya ina kallon bayansa har ya shige cikin mutane, ina jin na yi daidai.

Da na dawo na je Cadakori kai tsaraba. Inna ta bari har 'yan barka da zuwa suka watse, tana tsintar wake ba ta dube ni ba, ta ce, "Mutumen can da kit tarar, shina cin abinci?" Na ce yana ci. Ta ce, "Ya hwaɗa miki yaushe?" Na ce ya ce baɗi. Ta ci gaba da tsintar wakenta. Damina biyu bayan haka ta rasu, kai ma kana wurin jana'izar. Shi ya yi ta'aziyya ta waya.

Na daɗe ina juya abin nan a raina. Ban ce kunyar ɗan fari banza ce ba. Tana da kyau a inda aka san ta. A gida uwa ba ta kiran sunanka, amma kana ganin wa ake ajiye wa ƙanzon tuwo, kana ganin fitilar wa ba ta mutuwa in ka yi dare, maƙwabta ma suna tsokanarka da abin da ta yi a bayan idonka. Wanda ya yi nisa ba ya ganin ko ɗaya. Abin da ke isa gare shi murya ce kawai, muryar kuma ta ce lahiya lau ta yi shiru. Shekara da shekaru yana cikin mutanen da ke faɗin abin da ke ransu da baki, har ya fara shakkar abin da ya sani tun yana yaro. Ya tambaye ni don ya samu dalilin sayen tikiti, ni kuwa na hana shi. Da na buɗe baki ranar, ina kyautata zaton da Inna ta ga ɗanta.

Na yi niyyar gaya masa a waya ba sau ɗaya ba, in na ji muryarsa sai in kasa. Wani lokaci in ce faɗin yanzu zalunci ne, tunda ba ta nan. Amma na auna da kaina, na ga in ni ce, gara in yi kuka a kan uwar da ta so ni da in mutu ina zaton ba ta so ni ba. Ga aikenka, shi kaɗai na ɗora maka. In ka huta, ka nemi Kawunka. Kada ka faɗa masa a ɗaki, ba zai iya zama ya ji ba. Ka ce ya nuna maka gari, ku taka, in kun kai bakin ruwan nan ka gaya masa duk abin da na rubuta, kada ka rage komai. Ka ce Rabi tana neman gafararsa. Ka ce ɗakin Inna yana nan an yi masa sabon yaɓe.

Sauran nasiha ka san ta. Ka riƙe salla ko da rana ta rikita maka lokaci, ka nemi jadawali a masallaci. Ka ci abinci mai zafi ko sau ɗaya a yini. Ka yi abin da ya kai ka. Kuma ka kula da kalmar baɗi, da ita Kawunka ya tsufa.

Yanzu saura ni da kai. In ka kira waya aka miƙo mini, mai yiwuwa ka ji na ce lafiya lau na yi shiru. Tsohon hali ne, ba zai fita rana ɗaya ba. Kada ka kashe, ka ci gaba da magana, ina ji. Kuma don kada wata rana ka tsaya a ƙofar wani otel kana tambayar ƙanwarka, ga amsar tun yanzu da hannuna. Ina tunawa da kai tun ba ka tafi ba. Ina son ka, ina alfahari da kai, kuma tun ranar da takardar karatun nan ta zo abinci bai yi mini daɗi ba. Ina so ka tafi, kuma ina so ka dawo ka same ni da rai.

Gobe da safe na yi niyyar ɗaura gyale in raka ka har tasha, ta tsakiyar gari, ido na ganin ido. Na gaya wa babanka, ya dube ni kamar na ce zan hau rakumi, sannan ya ce to. Gwaggonka za ta yi wata guda tana ba da labarin rashin kunyata, ta yi. Ban sani ba ko ƙafata za ta yarda ta wuce zaure. Lokacin da kake karanta wannan kai ka riga ka sani, ni ce ban sani ba tukuna. In ka gan ni a tasha, to ka gani. In kuma ba ka gan ni ba, ka yafe mini, ka sani na fito bayanka.

Allah ya kai ka lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da sharrin hanya da na dare da na abokin banza. Allah ya buɗa maka karatu, ya tsare maka imaninka da lafiyarka, ya maido mana da kai muna raye. Na yafe maka duniya da lahira. Allah ya yi maka albarka, amin.

Ni ce mahaifiyarka,
Rabi.